Dalma a Kan Muryar Hajiya Ɗija

Ƙafafu takwas ne ke riƙe da ƙwaƙwalwar rikodar, kuma wani dunƙulen dalma ya haɗe uku daga cikinsu.

Chundung ta jawo fitila kusa. A gaban kantar shagon gyaran da take aiki a Hyattsville, can ƙasar waje, Malam Mu'awiya na tsaye, hannun dama cikin aljihun kwat, na hagu riƙe da takardar ƙorafi shafi biyu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyarwa a Zariya kafin 'ya'yansa su ɗauko shi, kuma ya karanta mata takardar tiryan-tiryan kamar mai ba da shifta.

Makon jiya ita ta sauya wa rikodar batir. Yau rikodar ta ƙi kamawa. A ciki akwai muryar marigayiya matarsa, Hajiya Ɗija, tana yi wa jikoki tatsuniya, kuma babu kwafi ko'ina. In muryar ta salwanta, ya ce, har gaban hukuma sai ya kai maganar.

"Mai ganganci ba uzuri ya kamace shi ba, 'yata. Hukunci."

Ba ta yi musu ba, ko da yake ta san ba ta taɓa wannan gefen ba. Dalmar shagonsu ba ta sheƙi, wannan kuwa sai ƙyalli take. Ga baƙin hayaƙi kewaye da ita, ga wani ɗan rami a tsakiya. Amma ba a gardama da dattijo yana cikin fushi.

Ta cire batir, ta ɗana famfon zuƙe dalma, ta ɗora bakin ƙarfe mai zafi a kan dunƙulen. Daƙiƙa uku, ba ƙari. In zafi ya zarce, ƙwaƙwalwar ta mutu da abin da ke cikinta.

Dalmar ta narke. Ta danna famfo, ya zuƙe rabi.

Malam ya ci gaba da faɗa. A Sabon Gari, in ji shi, masu gyaran rediyo da ƙusa da garwashi kawai suke aiki, kuma sun fi masu satifiket na nan iyawa. Yana cikin magana ya sunkuyo.

"Ɗaga hannunki. Wurin nan saurin ɗaukar zafi gare shi."

Ta ɗaga. Ta jira ya huce, ta sake, tana bin ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Ƙafa bakwai suka saki, ta takwas ta kafe. Fizga ɗaya za ta karya ta. Ta shimfiɗa zaren tagulla a kai, ta ɗan dafa shi da ƙarfen, ya shanye ragowar dalmar. Da hantsaki ta ɗauke ƙwaƙwalwar, ta dasa ta a wata rikoda irinta, ta danna.

Shiru. Sai ƙara kamar ta yayyafi. Sai muryar tsohuwa, a hankali: "Ga ta nan, ga ta nanku."

Malam Mu'awiya ya kasa haɗa ido da ita. Ya dubi takardar ƙorafin ya daɗe, sannan ya zaro hannun dama daga aljihu don ya yaga ta.

A babban yatsansa da manuni akwai sabuwar ƙuna, siririya, miƙaƙƙiya, daidai kaurin ƙusa.