Turmin Umma a Hyattsville

Da la'asar ne, Umma tana dakan yaji a gidan hayarmu na garin Hyattsville, tana 'yar waƙarta, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta saki taɓarya. Tun da muka tare take fargabar ranar da maƙwabcinmu na ƙasa zai kai ƙara, shi ya sa take ninka tawul a ƙarƙashin turmin.

Shi ne kuwa, tsohon Bature ɗan ƙasar Ailan, yana haki saboda hawan bene, rungume da rikoda. Umma ta fara ba shi haƙuri. Ya ce roƙo ya kawo shi, so yake ya ɗauki waƙarta. Rayuwarsa, in ji shi, ta ƙare a bin tsofaffin ƙasarsu gida-gida, yana ɗaukar waƙoƙin aiki a harshensu kafin su tafi da su kabari.

"Duk waɗanda na ɗauka a zaune suke rerawa, hannu a cinya," ya ce. "Aikin ne ya fara mutuwa, ya bar waƙar."

Umma dawowarta ke nan daga aiki a asibiti, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta dube shi, ta janye tawul ɗin, ta ɗaga taɓarya. Yaji ya turnuƙe ɗakin, tsohon yana ta atishawa, bai kashe rikodar ba. Ni kuwa na ƙosa a gama in kunna talabijin.

Turmin yana falona yanzu, makullai nake jefawa a ciki. Baiti biyu kawai na riƙe a waƙar Umma. Idan 'yata ta matsa mini nakan rera mata su, a zaune, hannu a cinya.