Gidan da Ba Ɗaki a Ƙasa

"Wannan nake so," ya ce wa dillalin, tun kafin su gama leƙa ɗakunan sama.

Dillalin ya sosa ƙeya. Tun safe suke zaga ɗan garin nan na bayan birni: ga makaranta kusa, ga asibiti, ruwan famfo ba ya ɗaukewa. Amma duk gida marar bene da aka nuna wa mutumin sai ya laƙaba masa aibu, wannan ba iska, wancan ya cika kusa da titi. Sai wannan mai doguwar matakala, wanda ba ɗakin kwana ko ɗaya a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, Hajiya fa? Da ƙafar nan tata?"

"Akwai ƙanwata, sai ta zauna a wurinta," ya faɗa yana kallon silin.

Ya gaji da tarin Hajiya, ya gaji da warin man zafi a falo. Amma da wane baki zai ce wa mahaifiyarsa kada ta biyo shi? Gara matakala ta faɗa mata. Shi ya sa ma ya bar ta a mota, wai ta huta.

Da ya juyo zai sauka, sai ya ji haki. Tana tsakiyar matakalar, sandarta yashe a ƙasa, ta ƙanƙame ƙarfen gefen matakalar da hannu biyu, zufa ta jiƙe mayafinta. Ta ɗago tana murmushi.

"Na ga gidan ya kwanta maka a rai. Kada ka fasa saboda ni, ɗan nan. Ka gani? Ina iyawa."