Jan Layi a Jadawalin Asabar

Ranar Asabar ce, ɗakin marasa lafiya na maza ya yi tsit, sai kukan fanka. Sista tana gyara shimfiɗar gado na huɗu, gadon da mahaifinta ya cika a kai shekara biyu da suka wuce. Likita ya shigo, ya tsaya a bayanta yana murza 'yan yatsu.

"Sista, gobe magabatana za su je gidanku," ya ce a hankali. "In kin amince."

Ba ta ɗago ba. Ta zaro wata tsohuwar takarda daga aljihu ta shimfiɗa a kan gadon. Jadawalin aikin ƙarshen mako ne na waccan shekarar, jiya ta tsince shi a durowa. Ga sunan Likita a ranar da Baba ya rasu, an ja masa jan layi, alamar wanda bai zo aiki ba.

Ya daɗe yana kallon takardar. "A lokacin, wata bakwai ba a biya mu alawus ɗin Asabar da Lahadi ba. Ƙungiyar likitoci ce ta ce kada kowa ya fito."

"Na sani, Likita. Ban ce ba ku da gaskiya ba." Ta shafa shimfiɗar gadon. "Amma har Baba ya cika, idonsa na kan ƙofar nan. Shi ke lallashina, yana cewa likita na nan tafe."

Ya miƙo hannu, sai ya fasa.

"Duk ranar da ka turo ƙofar ɗakina, shi zan gani yana jiranka," ta ce. "Ka ce wa magabatanka su yi zamansu."