Kurma a Ƙofar Mai Gari, Bebiya a Kan Dutse

Mako biyu da dawowata gida bayan shekara takwas a Kudu, Baffana ya lura na kasa zama wuri ɗaya, kuma duk abin da na gani a garin sai in ce ba haka ake yi ba. Wata la'asar ya nuna mini gefen tabarmarsa. "Zauna, sarkin gyara," in ji shi, "in ba ka wani misali."

An yi wani ƙauye a cikin kwari, dutse ya tokare shi ta gabas, rafi ya zagaye shi ta yamma. Babban ƙarfen sabis yana can garin kasuwa a bayan dutsen, don haka waya a cikin ƙauyen ba ta da aiki sai haska hanya. Da rani abin da sauƙi, mutum ya hau babur ya fita. Amma da damina in rafi ya cika, to an rufe ƙofa ke nan. Daminar da ta wuce kububuwa ta sari wani manomi a gonar dawa, kafin wanda aka aika neman sabis ya samu ya kira mai kwalekwale daga tsallake, rai ya yi halinsa. Sai kamfanin waya ya turo musu wani ma'aikaci da ƙaramar eriya guda ɗaya da farantin sola. Ita wannan eriya ba ta da maganar kanta. Ta ji daga babban ƙarfe ta miƙa wa waya, ta ji daga waya ta miƙa wa babban ƙarfe, kamar ladanin da ke maimaita kabbarar liman don sahun baya su ji. Hadari ya riga ya fara haɗowa. Kwana uku gare shi ya gama ya ƙetare da motarsa, in ba haka ba sai wata shekara.

Ran farko dattawa suka ce abin alheri a ƙofar mai gari ake ajiye shi. Ya duba taswirarsa, ya ga nan ne tsakiyar gari, ya kafa. Nan take kowace waya ta nuna sandunan sabis cike, mata suka rangaɗa guɗa. Aka danna kira, shiru. Eriya tana magana da wayoyi, amma dutse ya hana ta jin babban ƙarfe. Kashegari ma'aikacin ya ce dama ya sani, tsawo ake bukata. Aka yi dakon ta har ƙoƙuwar dutse. A can ta ji babban ƙarfe raɗau, amma ƙirjin dutsen ya rufe ƙauyen, maganarta ta riƙa wucewa ta saman rufin ɗakuna kamar shirwa. Ya sauko yana jiƙe da gumi, ya zauna ya sa taswira gaba. Wata tsohuwa mai daddawa ta tsaya a kansa ta ce, "Ɗan nan, jiya ɗiyar taka kurma ce, yau bebiya. Gobe kuma makanta za ta yi?" Aka kwashe da dariya. Tun zuwansa bai tambayi kowa komai ba, sai yanzu. Ya ce, "Inna, ke in kina son jin muryar ɗanki, ina kike zuwa?"

Da safe ta shige gaba yana biye, tafiyar kusan awa guda, har ƙugun dutsen, inda ya tsage biyu kamar an sare shi da gatari. A bakin tsagar akwai wata ɗorawa, jikinta duk ƙusoshi. Nan mata ke rataye wayoyinsu in sun zo itace, in ta yi ƙara mai ita ta yar da gatari ta rugo. Kowa a ƙauyen ya san wurin, amma ba wanda ya zaci kayan kamfani za su zauna inda mata ke shanya kalwa. Taswira kuwa ba ta nuna tsagar ba. Ya tsaya gindin itacen ya dubi gabas, ga jan kan babban ƙarfe ta cikin tsaga. Ya juya yamma, ga ƙauye shimfiɗe har rumbunansa. Wurin bai kai ƙoƙuwar dutse tsawo ba, bai kai ƙofar mai gari daraja ba, amma daga nan ana jin can, ana jin nan. Ya sa aka sauko da eriyar ya kafa ta, ya ɗaure farantin sola, yayyafi na sauka a bayan wuyansa. Kafin azahar tsohuwa na zaune a tsakar gidanta, waya a kunne, tana yi wa ɗanta faɗan rashin aike. Shi kuwa ya ƙetare rafi ruwa na lasar rabin taya.

Baffa ya kai hannu ga butarsa. "Na'ura tasa ce, ilimi nasa ne, ba mai ƙwace masa. Amma ka ji abin da ya sa Hausawa suka ce, da ɗan gari akan ci gari."