Motar da Ba Ta Kuka

"Wagga ce motar da kake ta yabo?" Alhaji Attahiru ya tambayi Ubaidullahi dillali, yana yatsina fuska, bayan sun bar garin Isa sun kama hanyar Bafarawa.

Ubaidullahi ya taka ta, motar lantarkin ta zabura kamar kibiya. Ya kunna masa kujera mai tausa.

"Kashe abinga, ni ba mai jego ba ne," in ji Alhaji. "Mota ba kuka, ba hayaƙi, sai sanɗa kamar mage? Jif ɗina tun daga bakin kasuwa ake jin ruri, kowa shi miƙe tsaye. Wa za shi san na iso cikin wagga gawa?"

Haka ya yi ta kushe ta har ƙofar gidansa. Motar ta tsaya gefen rumfar da ake zaman fadarsa, ko mutum ɗaya bai waiwayo ba.

Is'haƙa, na hannun damansa mai rige-rigen buɗe masa ƙofa, na harɗe a kujerar Alhajin. Ya cusa matashi cikin riga yana shafa tumbi, 'yan fada na ta ƙyaƙyata dariya.

"Ku more abinku," in ji Is'haƙa. "Da mun ji rurin jif sai mu koma ranka shi daɗe. Jakin banza, ko shanunai bai shaidawa."

Alhaji ya daɗe yana kallonsu ta baƙin gilashi. Ubaidullahi zai danna hon, ya riƙe masa hannu.

"Bari. Na saye ta," ya ce a hankali. "Ja mu tai shago, sannu-sannu. Akwai sauran waɗanda ban ji ba."