Mai Gyaran Rediyo da Ƙugin da Ba Wanda Ya Ji

Tun da na ga ka ƙi sakin aikin da ya riga ya yi kyau, zauna ka ji misali. An yi wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa wanda jarinsa duka kunnensa ne. Kafin ya kwance akwatin rediyo, da sauti kaɗai yake gane inda cutar take, kuma da wannan kunnen yake ciyar da gidansa. Wata rana wani dattijo ya kawo masa tsohuwar na'urar ƙara sauti, irin mai ƙwayayen gilashi da ke yin ja in sun ɗauki zafi, wadda ake jona mata abin saurare a ɗora a kunnuwa. Da ita dattijon yake jin karatu, ga shi ta yi shiru. Mai gyaran ya sauya ƙwan da ya mutu, ya narka dalma ya like wayar da ta saki, ya kunna, ya jira ta ɗumama. Murya ta fito tas. Dattijo ya saurara, ya ce, "Alhamdu lillahi, ko da take sabuwa ba ta fi haka ba." Shi kuwa gwanin ya girgiza kai, ya ce a dawo gobe, don can ƙarƙashin muryar yana jin wani ɗan siririn ƙugi. Ya ba maƙwabtansa na rumfa suka saurara, babu wanda ya ji komai. Wannan bai kwantar masa da hankali ba, sai ma ya ƙara masa girman kai.

To, masu wannan sana'a suna da ƙa'ida: ba a taɓa cikin na'ura da abin saurare a kunne. Wutar da ke cikin irin waɗannan tana da ƙarfi, in za a yi bincike sai a jona wata 'yar lasifika mai araha, in abu ya ɓaci ita ta ƙone. Ya san haka sarai, shi ma ya sha faɗa wa wasu. Amma lasifikar ba ta fitar da ƙugin, kunnensa kaɗai ke kama shi. Sai ya ɗora abin a kansa, ya murɗa sautin har ƙarshe, ya sa sukundireba yana taɓa wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ido rufe don ya ji da kyau. Bakin ƙarfen ya zame, ya haɗa wayoyi biyu da bai kamata su haɗu ba. Ƙara ta fashe masa a cikin kunnuwa biyu lokaci guda. Ya fizge abin ya jefar, amma aikin gama ya gama. Na'urar ba ta yi komai ba, fis kawai ta ƙona, wato 'yar wayar da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa. Washegari dattijo ya zo ya tsaya a bakin rumfa yana ta sallama, mai gyaran na zaune ya ba shi baya, bai juyo ba sai da aka dafa kafaɗarsa. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai, don mutumin ba mugu ba ne, ba kuma rago ba ne. Har ya bar sana'ar, bakin mutane yake kallo kafin ya gane abin da suke faɗa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.