Koriyar Kuka

Jatau, Barmani, Tanko, ku matso kusa. Ba na son in maimaita. Ga ƙullin ledar da Tanko ya kawo daga kasuwa nan a kan faifai, kada wanda ya taɓa shi sai na gama.

Wata mata ce mai sana'ar kuka, irin tamu. A inuwa take shanya ganyenta, kwana biyar, shida, don ya bushe da korensa, tunda mai saye launi yake fara dubawa kafin ya sunsuna. Sai wani mai maganin feshin gona ya nuna mata wani shuɗin gishiri na jan ƙarfe, ya ce ta jiƙa kaɗan ta yayyafa wa ganyen, ko a tsakiyar rana ta shanya ba zai koɗe ba. Ta gwada. Yini ɗaya ganye ya bushe, kore shar. Masu sari suka yi mata caa, suna kwasa buhu-buhu. Da fari da yatsa biyu take ɗiba. Da ciniki ya buɗe sai ta koma cokali, daga cokali sai ludayi, don hannun da ba shi da ma'auni kullum ƙara nauyi yake yi. Amma tana da wayo, a ganinta. Ta ware tulu guda na kukar inuwa, wadda ba a sa wa komai ba, ita ake kaɗawa a gidanta.

Ana nan 'yarta ta haihu, ta dawo gida wankan jego. Kun san yadda ake yi, maƙwabta kowa da kwanonsa. Wata maƙwabciya, don ta kyauta, ta shiga kasuwa ta zaɓi kukar da ta fi kowacce kore a wurin 'yan ƙulli, ta zuba mata daddawa da yaji da man shanu, ta kawo da tuwon dawa mai zafi. Mai jego ta ci ranar farko, ta ci ta biyu. A ta uku ta ce, “Inna, bakina kamar na tsotsi kwabo.” Kafin la'asar ciki ya murɗe, ta fara amai. Uwar ta tara mata kwano, ta duba ciki, ta ga shuɗi-shuɗi, kore-kore. Ta san launin nan. Shi ne a ƙarƙashin farcenta. A asibiti idon yarinya ya yi ɗorawa, fitsari ya yi baƙi, nono ya ɗauke, jariri yana ta tsala kuka. Likita ya ce hanta ta taɓu, ya juyo ya tambayi uwar, “Me ta ci?” Ta ɓoye hannayenta a cikin mayafi. Tun daga ranar, in ta ga tururin miya yana tashi daga kowane gida sai gabanta ya faɗi, don ba ta san buhu nawa suka rage a gari ba, ba ta kuma san tukunyar wa za su faɗa ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Tanko, ka ce ai kamfanoni ma suna sa koren launi mai jan ƙarfe a alewa. Ban musa ba. Nasu daban ne, an yi shi don ci, suna da sikeli, akwai masu duba su. Wannan ledar shuɗin gishirin da ka kawo fa? Ba suna, ba takarda, mai sayarwar ma bai san kanta ba. Kuma jikokina goma sha ɗaya suna cin tuwo a gidajen mutane.

Shekara arba'in ina shanya a inuwa. Yanzu ƙarfina ya ƙare, turmin naku ne. Ku ukun ku yanke magana yau, a gabana: ko a tona rami a binne ledar nan, ko ku cire sunana daga buhunan.